Kaskar da Muka Aika da Wadda Aka Kawo Mana

Idan dattawan makiyaya suka zauna lissafin masifun da suka afka wa dukiya, da bushiya suke farawa, wadda ta share garkunan ƙasashenmu wajen 1890 da 1891. Daga nan sai jangali, sai farin 1973 da na 1984. Kaska ba ta samun shiga wannan lissafi. Ba a sa wa wata shekara sunanta ba, ba a taɓa yin gudun hijira dominta ba. Abin da ta samu a bakin Bahaushe shi ne kirarin nan na "kaska raɓi mai jini", wanda a yau aka fi jefa wa ɗan Adam mai maƙale wa mai abin hannu. Amma wannan ƴar halitta da ba ta kai ƙwayar gujiya ba tana da tarihi mai tsawo, tarihin da ya haɗa jiragen ruwan zamanin bauta, da kaboyin Amurka, da yaƙin ƴancin Zimbabuwe, da wata gonar gwamnati a kudancin Benin. Babinsa na baya-bayan nan kuwa a kan hanyar shanunmu ake rubuta shi.

Mai karatu ya fara sanin cewa kaska iri-iri ce. Masana ma ba sa lissafa ta cikin dangin ƙuda da sauro, saboda babbarta ƙafa takwas gare ta, don haka da gizo-gizo da kunama take ƴan uwantaka. A ƙasashen kiwo na yammacin Afirka gida uku ne suka fi damun shanu. Akwai babbar kaska mai ado, wadda masana ke kira Amblyomma variegatum. Namijinta yana da zane ruwan zinariya a gadon baya da ƙafafu masu ratsi, ga dogon baki mai nitsewa cikin fata. Akwai ƙananan nan masu launin toka-toka da shuɗi-shuɗi in sun ƙoshi, dangin Boophilus, waɗanda a yanzu aka mayar ƙarƙashin sunan Rhipicephalus. Sai kuma Hyalomma mai dogayen ƙafafu, ƴar ƙasar fako da rairayi, wadda ta fi yawa yayin da mutum ya nausa arewa wajen Azawak da Tadres, inda take bin raƙuma da shanu. Ita wannan ba ta tsayawa jira a kan ciyawa. In ta ji motsin dabba, da gudu take bin ta a ƙasa.

Fulani sun riga littattafai rarrabe su. Masu bincike da suka zauna da makiyaya a tsakiyar Najeriya sun rubuta cewa babbar mai ado ita ake kira koti, ƙananan kuwa miri. Koti ake farauta. Da damina ana cire ta da hannu kamar sau uku a mako, a kama saniya a duba hantsa da mara da hammata da ƙarƙashin wutsiya. Miri kuwa galibi ƙyale ta ake yi.

Wannan bambanci yana da hujja. Koti tana rayuwa ne a kan dabba uku. Ƴar da ta ƙyanƙyashe ta sha jini ta faɗo, ta sake kama ta hau wata dabbar, ta kuma faɗowa, sai a karo na uku ta hau saniya a matsayin babba. Manyan suna fitowa ne da faɗuwar ruwan farko. Maza ke riga isowa, su kafa baki, su saki wani wari da ke kiran mata, shi ya sa ake ganinsu cunkus wuri guda. Mace ɗaya in ta ƙoshi ta faɗi tana iya zuba ƙwai har kusan 20,000. Bakinta yana barin gyambo, gyambon ya jawo ƙuda da tsutsa. Idan a kan nono ta kafa, nonon na iya toshewa ko ya lalace gaba ɗaya. Saniyar da ta rasa nono biyu cikin huɗu ta rage wa maraƙinta abinci, ta kuma rage wa uwar gida abin kai wa kasuwa, kuma wannan asara ce ta tsawon ran saniyar.

Bayan gyambo akwai cuta biyu. Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira ciwon ruwan zuciya, domin in an feɗe dabbar ana tarar da ruwa ya taru a jakar zuciyarta. Dabba ta yi zazzaɓi, ta riƙa kewaya wuri guda, ta faɗi tana shure-shure. Ya fi kashe tumaki da awaki da baƙin shanu. Wani masani mai suna Edmund Cowdry ne ya gano ƙwayar cutar a 1925 a Afirka ta Kudu. Ta biyu ita ce kirci, wanda duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu da damina ya san shi: fata ta yi ɓawo, gashi ya dunƙule, dabba ta rame, fatar kuma ta tashi daga aiki a wurin majema da dukawa. An bayyana ƙwayar kirci a 1915 a Kwango ta Beljiyam, ta hannun wani likitan dabbobi, René Van Saceghem. Makiyaya sun daɗe suna cewa inda koti ta yi yawa nan kirci ke tsananta. Kaskar dai ba ita ke ɗauke da ƙwayar ba. Sai binciken da aka yi daga baya, har da wanda aka gudanar a filayen kiwo na kusa da Ankara ta Gana a shekarun 1990, ya nuna cewa yawun babbar koti yana raunana garkuwar jikin saniya, kirci ya samu ƙofa. Garken da aka tsare daga koti kirci ba ya yi masa mugun kamu.

Wannan koti ita ce muka aika ƙetare. A zamanin da jiragen Faransa ke zirga-zirga tsakanin gaɓar Sanigal da tsibiran Karebiyan, inda bayi ke noman rake, an riƙa loda shanu tare da sauran kaya. Akasarin masana suna sanya isar kaskar tsibirin Gwadalub wajen 1830, wasu kuma suna ganin tun ƙarni na 18 ne. Har gobe mutanen tsibirin "kaskar Sanigal" suke ce mata. Ta zauna fiye da shekara ɗari a tsibirai ƙalilan, Gwadalub da Mari-Galant da Antigwa, ta isa Martinik a 1948. Daga shekarun 1960 sai aka ga tana ɓulla tsibiri bayan tsibiri, har da waɗanda ba a kai musu shanu ba. Wanda aka fi zargi a nan tsohuwar abokiyar garkenmu ce, balbela. Balbela da fukafukinta ta ƙetare tekun Atalantika zuwa Amurka ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 19, ta bazu cikin tsibiran a shekarun 1950. Ƙananan koti suna hawa tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa, balbela kuwa tana tashi daga wannan tsibiri zuwa wancan. Kirci ya yi wa shanun tsibirin Nebis kisan da ya tafi da mafi yawansu, kuma a 1980 aka tabbatar da ciwon ruwan zuciya a Gwadalub. Hankalin Amurka ya tashi, domin tana da kaskokin gida da za su iya karɓar cutar in ta shigo. A 1994 aka ƙaddamar da shirin kawar da kaskar daga tsibiran, da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka ɗora wa masu dabbobi zuba magani a gadon bayan kowace dabba duk mako biyu. An ayyana wasu tsibirai sun tsarkaka na wucin gadi, kaskar ta sake ɓulla a wasunsu, aka rufe shirin a 2008 ba tare da an ga bayanta ba. Tsibirai ne ƙanana da teku ya kewaye, ga kuɗi, ga magani. Duk mai yi mana alkawarin kawar da kaska daga Sahel, sai a fara tambayarsa labarin Antigwa.

Koti ta ma shiga littattafan likitancin ɗan Adam daga kasuwar shanu. A 1964 masu bincike a Badun suka samo wata sabuwar ƙwayar cuta a jikin kotin da suka tsinto daga shanu, suka sa mata sunan Dugbe, unguwar kasuwar birnin. Shanun Badun kuwa sanin kowa ne daga arewa fatake ke gangaro da su. Wadda ta fi wannan haɗari ita ce cutar zazzaɓi mai zubar da jini ta Kirimiya da Kwango, wadda Hyalomma ke yaɗawa. An gan ta a Kirimiya a 1944, aka same ta a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Dabba ba ta nuna alama, mutum ne ke kwanciya, kuma ta yi kisa a Muritaniya a 2003. Hanyar kamuwa ta haɗa da cizon kaskar, da murtsuke ta da yatsu, da taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da ƙwayar. Mahauta da masu cire kaska da hannu su ne a bakin wuta.

Labarin miri ya bi ta wata hanyar dabam, kuma sai mun leƙa Amurka kafin mu fahimce shi. A ƙarni na 19 makiyayan Teksas suna koro garkuna zuwa arewa. Shanun nasu lafiya lau, amma duk inda suka ratsa sai shanun wurin su kama zazzaɓi, su yi fitsarin jini, su mutu. Har dokoki aka kafa a jihohin Misuri da Kansas na hana su wucewa. Masu shanu suka ce kaska ce, malaman zamanin suka yi musu dariya. Likitoci biyu na gwamnati, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka gwada maganar: a wani shinge suka haɗa shanun arewa da na kudu masu kaska, a wani kuma suka tsince kaskar tas kafin su haɗa. Inda aka tsince, ba wadda ta mutu. Rahotonsu ya fito a 1893, kuma yana cikin hujjoji na farko da suka tabbatar wa duniya cewa ƙwaro mai shan jini na iya ɗaukar cuta daga jiki zuwa jiki. Sai bayan shekara huɗu Ronald Ross ya kama sauro da laifin zazzaɓin cizon sauro. Ke nan ilimin da ya sa muke kwana cikin gidan sauro a yau, masu kiwon shanu suna da kaso a cikinsa.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa shanun Teksas ba sa mutuwa. Maraƙin da kaska ta ciza tun yana ƙarami, lokacin da yake da kariyar da ya sha a nonon uwa, yakan kamu da cutar sama-sama, ya warke, ya zama ya ƙetare ta har tsufa. Babbar saniyar da ba ta taɓa haɗuwa da cutar ba ita ke faɗuwa. A ganina wannan ne sirrin da ke cikin ƙyale miri da Fulani ke yi, ko sun faɗe shi da wannan lafazi ko ba su faɗa ba. Ƴar kaskar da aka bari tana yi wa maruƙa rigakafi kyauta.

Turawan kudancin Afirka sun bi akasin haka. Bayan bushiya ta cinye shanunsu a 1896 da 1897, sai suka shiga sayo wasu daga ƙetare. Shanun da aka shigo da su daga gabashin Afirka suka zo da wata cutar kaska mai tsanani, zazzaɓin gaɓar gabas, wadda ta ɓarke a Rodeshiya a 1902. Maganin da aka samo shi ne rami mai tsawo cike da ruwan guba na arsanik, a koro shanu su faɗa su yi iyo su fita. Aka mayar da shi doka, ana yi mako-mako da damina. Ya yi aiki, amma da tsada. Gubar ta kashe carki, tsuntsun nan mai tsince kaska a bayan saniya, har ya ɓace daga yankuna da dama. Tun a shekarun 1930 kaska ta fara jure wa arsanik. Kuma shanun da aka yi shekara da shekaru ana wankewa sun tashi ba su san cuta ba. Da yaƙin ƴanci ya yi zafi a Rodeshiya a shekarun 1970, aka daina wankan a karkara, tun da jama'a suna kallon ramukan a matsayin alamar mulkin mallaka. Likitocin ƙasar sun ƙiyasta cewa shanu kusan miliyan ɗaya suka mutu cikin ƴan shekaru, akasari da cututtukan kaska.

Mu a yammaci ba a taɓa kafa mana irin wannan tsari ba, kuma dalilin a fili yake. Kaskar da ke ɗaukar zazzaɓin gaɓar gabas ba ta zaune a ƙasashenmu. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak sun saba da cututtukan gida. Saboda haka cibiyoyin da Turawa suka kafa, irin su Vom a 1924 da Farsha ta Fort-Lami, wato Njamena ta yau, suka zuba ƙarfinsu kan bushiya da ciwon huhu da sammore. Babban gangamin allurar bushiya na 1962 ma daga ƙasashen tafkin Cadi ya fara: Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi. Kaska aka bar wa makiyayi da yatsunsa. Inda ta ja hankalin hukuma shi ne duk lokacin da aka kawo baƙin shanu don inganta iri. A tashar Wakwa kusa da Ngaundare, bijiman Brahman da aka kawo daga Amurka don a haɗa da Gudali sun sha wahalar kirci, su da ƴaƴansu, fiye da shanun gida nesa ba kusa ba.

Daga bincike a Wakwa da kuma cibiyar CIRDES ta Bobo-Julaso aka samu wata dabara da ta dace da talaka. Wani masani Bafaranshe, Frédéric Stachurski, ya lura cewa koti ba ta zarcewa hantsa kai tsaye. A wurin kiwo tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa mara da ƙirji. Ashe in garke ya ratsa ɗan kwamin ruwan magani mai zurfin idon sawu da yamma, kafin ya shiga turke, an kashe yawancinsu tun ba su kai ga nono ba. Magani kaɗan, lokaci kaɗan. Dabarar ta fi dacewa da mai zama wuri guda, shi ya sa ba ta yi nisa a wurin masu tashi ba.

Ana cikin haka sai baƙuwa ta sauka. Sunanta Rhipicephalus microplus, asalinta kudancin Asiya. Ta daɗe da mamaye Birazil da Ostireliya da gabashi da kudancin Afirka, kuma masana da yawa suna ɗaukar ta a matsayin kaskar da ta fi kowace jawo wa masu shanu asara a duniya. Yammacin Afirka ba ta san ta ba. A farkon shekarun 2000 aka shigo da shanun madara na Girolando daga Birazil, ruwa biyu tsakanin Gir na Indiya da Holstein na Turai, zuwa kudancin Kwaddibuwa. A 2004 aka kawo irinsu gonar gwamnati ta Kpinnou a kudancin Benin. Niyyar mai kyau ce, a samu madara a rage sayen ta gwangwani. A 2007 masana suka ba da rahoton ganin baƙuwar kaskar a Azaguié, arewa da Abijan kaɗan. Da aka koma bayan ƴan shekaru, sai aka tarar ta kusan kore ƙananan kaskokin gida daga yankin baki ɗaya. Rahoton Benin ya fito a 2012, na Burkina Faso da Mali da Togo a 2013. Wani bincike da aka buga a 2013 kan shanun Filato bai same ta ba, amma a 2017 aka tabbatar da ita a Najeriya, a 2019 kuma a Kamaru.

Abin da ya sa take cin nasara yana cikin yanayin rayuwarta. A kan saniya ɗaya take yin komai, daga ƙuruciya har girma, cikin kamar mako uku. Ta faɗo ta zuba ƙwai dubu biyu zuwa huɗu, kuma inda akwai laima tana juyawa sau da dama a shekara. Koti sau ɗaya take zagayowa a shekara a ƙasashenmu. Baƙuwar tana ɗaukar nau'in cutar fitsarin jini mafi muni, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, alhali mafi yaɗuwa cikin mirin gida ba ta iya ɗaukarsa. Sannan ta zo da gadon da ta samo a gonakin Birazil, inda aka yi shekaru ana yi mata ruwan magunguna iri-iri. Gwaje-gwajen da aka yi a Benin da Burkina Faso da Kwaddibuwa sun nuna tana jure wa magungunan da aka fi sayarwa a kasuwanninmu, irin su deltametirin, a wasu wurare har da amitaraz. Makiyayi ya fesa, ya ga ba ta faɗi ba, ya ƙara ƙarfin haɗi, ko ya koma ga maganin ƙwarin auduga. Abin da ke biyo baya shi ne ƙonewar fata, da guba a madara, da kaskar da ta ƙara taurin kai.

Zafi da bushewar Sahel ba su yi mata daɗi, wannan gaskiya ne, kuma shi ne katangar da ke tsakaninta da garkunan Tawa da Damagaram. Sai dai shanunmu ba a Sahel suke shekara ba. Garkunan Doso da Gaya da Say sun saba gangarawa arewacin Benin da rani, na Maraɗi da Damagaram su shiga Najeriya, na Cadi su nufi Kamaru da Afirka ta Tsakiya, su komo da faɗuwar ruwa, daidai lokacin da ciyawa da laima suka fi yi wa ƙwan kaska daɗi. Takardar ƙetare iyaka da ƙungiyar CEDEAO ta tsara a 1998 tana tambayar yawan dabbobi da allurar da aka yi musu da hanyar da za su bi. Benin ta sanar da rufe ƙofarta ga garkunan ƙetare a ƙarshen 2019 saboda rikicin manoma da makiyaya, amma a lokacin baƙuwar ta riga ta kai arewacin ƙasar ta wuce. Fadamun Dandi da bakin kogin Kwara suna da laimar da take so.

Matsalar da ta fi kowace wuya ita ce ido ba ya rarrabe ta da mirin gida. Ko masani sai ya sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ƙirga layukan haƙoran bakinta, huɗu-huɗu a nata, uku-uku a na mirin da aka fi sani, wani lokaci ma sai an kai ga gwajin ƙwayar halitta. Makiyayin da ya gaji ilimin kakanninsa zai dube ta ya ce miri ce, ya wuce neman koti. Alamar da masu shanu a Kwaddibuwa da Benin suka fara kai kuka da ita ita ce yawa: kaska ta rufe wuya da ƙirji da cinyoyi ɗari bisa ɗari, an yi feshi, bayan ƴan kwanaki ta dawo kamar ba a yi ba. Yatsun da ke iya tsince koti ashirin kafin a saki garke da safe ba za su iya da dubu ba.